Ɗakin Makaranta, Masauki Mai Zaman Kansa Ko Hayar Cikin Gari: Wanne Ya Dace Da Sabon Ɗalibi?

Mahaifin Ɗaliba:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. 'Yata ta samu gurbin karatu a jami'a, kuma wannan ne karon farko da za ta zauna nesa da gida, shi ya sa na kawo maganar masaukinta gabanku, tunda na san a cikinmu akwai malamai, akwai ɗalibai, akwai kuma masu gidajen haya. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko ita ce ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta, wanda shi ne mafi araha, sai dai gadajen ba su isa ba, kuma ba a sanin wanda ya samu sai an kusa fara karatu. Ta biyu masauki ne mai zaman kansa da wani kamfani ya gina dab da ƙofar jami'ar, mutum biyu a ɗaki da banɗakinsu a ciki, amma kuɗinsa ya ninka na makaranta sau da yawa. Ta uku ita ce ta haɗa kai da wasu ɗalibai mata biyu su kama ɗaki a cikin gari, inda hayar take da sauƙi, amma sai an shiga mota kullum, kuma mai gidan yana son kuɗin shekara a dunƙule kafin ya ba da makulli. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na tsaya jiran rabon gado na makaranta, ɗakunan waje masu kyau za su ƙare, idan kuma na biya na waje tun yanzu, na rufe ƙofar mai arahar da hannuna. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Malamar Jami'a:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kuma ba ta ilimi mai amfani. Ra'ayina a kan wannan ba ya rawa: duk ɗalibin da ke shekararsa ta farko, mace ko namiji, ya nemi ɗakin cikin makaranta da dukkan ƙarfinsa, ko da kuwa ɗakin bai kai na waje kyau ba. Dalilina daga cikin aji na samo shi. Jadawalin laccar jami'a ba irin na sakandare ba ne da ake shiga da safe a fito da azahar. Za a iya sa wa ɗalibi lacca da ƙarfe takwas na safe, sannan ba shi da wata sai ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ke kwana a cikin makaranta zai koma ɗaki ya huta, ya yi bitar abin da aka koyar, ya dawo a natse. Wanda ke zaune a cikin gari kuwa, ko dai ya yini yana gararamba a ƙarƙashin bishiyoyi, ko ya tafi gida da niyyar dawowa, kuma sau da yawa ba ya dawowa. Idan na duba takardar sunayen masu halartar laccar yamma, nakan iya gane waɗanda ke zaune nesa tun kafin su faɗa mini.

Sannan akwai ilimin da ba a koyarwa a aji. Sabon ɗalibi yana sanin yadda ake rajistar kwasa-kwasai, da malamin da ke son a yi masa dogon bayani a jarrabawa, da inda ake samun tsofaffin tambayoyi, duk daga bakin 'yan gaba da shi, kuma a ɗakin kwana ake irin wannan hirar bayan isha. Ba banza ba ne jami'o'i da yawa a Amurka suka wajabta wa 'yan shekarar farko zama a cikin makaranta, haka kuma kwalejojin Oxford da Cambridge a Ingila suna ba kowane sabon ɗalibin digirin farko ɗaki. Sun lura cewa shekarar farko ita ce wadda ɗalibi ya fi saurin sagewa ya watsar da karatu.

Game da jiran da kake tsoro, Alhaji, ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai da kanka, ka tambayi ranar da za a buɗe neman gado da kuma waɗanda ake fifitawa. A jami'o'i da yawa, sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman su ne a sahun gaba, don haka damar 'yarka tana iya fin yadda kake zato.

Ɗalibin Ajin Ƙarshe:

Malama, ina girmama maganarki, kuma abin da kika faɗa game da laccar yamma gaskiya ne, amma ina roƙon Baba ya je ya ga ɗakin da idonsa kafin ya yanke hukunci, domin gani ya kori ji. Na zauna a ɗakin makaranta, kuma ɗakin da aka gina don mutum huɗu mun kwana mu takwas a cikinsa, saboda kowane mai gado yana da aboki ko ɗan'uwa da bai samu ba, wanda ke raɓe da shi. Da dare ana shimfiɗa katifu a ƙasa tsakanin gadaje masu hawa biyu, ta yadda wanda zai fita banɗaki sai ya tsallake mutane. Kafin asuba bokitai sun yi layi a gaban famfo, kowane da dutse ko takalmi a cikinsa domin riƙe wa mai shi wuri. Soket ɗaya ne ke aiki a ɗakin, kuma a kansa ake cajin waya da kwamfuta da fitila. A makon jarrabawa, wani yana karatu da fitila a kunne, wani yana son barci, wani kuma yana waya da gida. Wanda bai saba ba, zai iya rasa barcinsa da natsuwarsa a zango guda.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Na farko, kuɗin ɗakin makaranta na lokacin karatu ne kawai. Da zarar an yi hutu sai a ce kowa ya kwashe kayansa, don haka ɗalibi yana cikin jigilar akwati da katifa da neman inda zai ajiye su. Na biyu, a ɗakunan kwana da yawa an hana girki a cikin ɗaki saboda tsoron gobara, kuma idan madafar da aka tanadar ba ta aiki, ɗalibi ya koma sayen abinci sau uku a rana, abin da ke cinye arahar ɗakin gaba ɗaya.

Gargaɗina mafi girma shi ne, kada Baba ya yarda wani ɗalibi ya sayar masa da gadonsa. Ana yin haka sosai idan gadaje suka yi ƙaranci, kuma ana ninka farashin, amma sunan da ke rajista na mai sayarwa ne, babu rasit, kuma ranar da masu kula da ɗakunan suka zo bincike, wanda ya saya shi ake fitarwa da kayansa.

Ma'aikacin Lissafin Kuɗi:

Ina ganin kafin a ci gaba, ya kamata a gyara ma'aunin da ake kwatanta wuraren nan uku da shi, domin kuɗin da aka rubuta a kan talla ba shi ne abin da zai fita daga aljihun Alhaji ba. Tambayar farko ita ce, kuɗin na tsawon wane lokaci ne? Bari na ba da misali da alƙaluma kawai. A ɗauka wani ɗaki ana biyan 120 a mako na tsawon makonni 40, wani kuma ana biyan 100 a mako amma yarjejeniyarsa ta makonni 51 ce. Wanda ya kalli farashin mako zai ce na biyun ya fi araha, alhali na farkon ya tashi 4,800 a shekara, na biyun kuma 5,100, kuma ƙarin makonnin 11 ɗin ɗalibi yana gida yana hutu, ɗakin yana kulle. Haka nan wanda aka faɗa wa farashin mako kada ya ninka shi sau huɗu ya ce ya samu na wata. Ya ninka sau 52 ya raba gida 12, domin wata ya ɗan haura mako huɗu.

Tambaya ta biyu ita ce, me kuɗin ya ƙunsa? Ɗakin makaranta da masauki mai zaman kansa galibi sun haɗa da wuta da ruwa da gado da tsaro, wani lokaci har da intanet. Ɗakin cikin gari kuwa sau da yawa bango huɗu ne da ƙofa. Sai an sayi katifa da labule da teburin karatu da kayan girki, sai an biya kuɗin wuta da ruwa da kwashe shara, ga la'adar dillali, ga kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna.

Ta uku ita ce zirga-zirga, kuma ita ce aka fi rainawa. Idan shekarar karatu makonni 30 ce, ɗaliba tana zuwa kwana biyar a mako, zuwa da dawowa, tafiya 300 ke nan. Alhaji ya ninka kuɗin mota sau 300 ya ɗora a kan hayar, sannan ya ƙara wani abu saboda ranakun da za ta makara ta ɗauki abin hawa mai tsada. Idan kuma kowace tafiya tana cin awa ɗaya, awa 300 ke nan suka tafi a hanya, waɗanda da a laburare aka yi su da sun sauya sakamakon jarrabawa. Na sha yi wa iyaye wannan lissafin, kuma sau da yawa ɗakin nesa mai arahar nan yana ƙarewa dab da farashin na kusa, wani lokaci ma ya zarce shi. Ban ce kullum haka ne ba, amma kada a yanke hukunci sai an rubuta duka a takarda ɗaya.

Mai Gidan Haya:

Ni mai gida ne, kuma ɗalibai nake ba haya, don haka bari na faɗi abin da ake gani daga wannan ɓangaren, tunda an saba ɗora mana laifin tsada. Alhaji ya yi ƙorafin ana neman kuɗin shekara a dunƙule, kuma na fahimci nauyin hakan, amma a duba matsayin mai gida. Ɗalibi ba shi da albashi, iyayensa suna wani gari, kuma ranar da ya kammala jarrabawar ƙarshe zai ɗaure kayansa ya tafi. Idan wata-wata yake biya, ya tsallake watanni uku, wa zan bi? Na taɓa buɗe ɗaki bayan 'yan haya sun tafi, na tarar an ɓalle ƙofar banɗaki, bangon ya yi baƙi da hayaƙin girki, an kuma bar bashin wuta a kan mita, kuma gyaran ya cinye wani kaso mai tsoka na hayar shekarar. Sannan ɗakin da ɗalibi ya bari a tsakiyar shekarar karatu ba ya samun mai shiga sai wata shekarar, domin kasuwarmu sau ɗaya take ci.

Ba na musun cewa akwai masu gidaje marasa tsoron Allah, waɗanda ke yanka falo gida uku da katako su kira kowane yanki ɗaki. Amma asalin tsadar daga jami'o'i take. Idan jami'a ta ƙara yawan ɗaliban da take ɗauka kowace shekara ba tare da ta ƙara gado ko ɗaya ba, duk waɗanda suka rage kan unguwannin kewaye suke faɗowa, mutum goma suna neman ɗaki guda, kuma dole farashi ya hau. Dillalai ma suna da nasu kason, domin wani yakan ƙara a kan farashin da na sa, ya karɓi la'ada a wurina, ya kuma karɓa a wurin ɗalibi. Shawarata ga Alhaji ita ce ya nemi ganin mai gidan ido da ido, domin idan uba ya zo da kansa ya tsaya wa 'yarsa, da yawanmu muna yarda a raba kuɗin gida biyu.

Lauya:

Alhaji mai gida ya yi magana ta adalci, kuma shawararsa ta ganin mai gida ido da ido tana da wata fa'ida da bai ambata ba, wato kariya daga damfara. A farkon kowace shekarar karatu ana samun masu saka hotunan ɗakin da ba nasu ba a intanet, su ce mutane sun yi yawa a kansa, a turo kafin alƙalami yanzu-yanzu. Wani kuma yana da makullin ɗakin da gaske, amma shi ma ɗan haya ne da wa'adinsa ya kusa cika, sai ya karɓi kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya ya ɓace. Kada a biya ko sisi sai an shiga ɗakin, an ga shaidar cewa mai karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na halal, kuma a biya ta banki domin a bar sawu.

Dokokin haya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma akwai abubuwan da ya kamata kowace yarjejeniya ta bayyana a rubuce: ranar shiga da ranar fita, adadin kuɗi da abin da ya ƙunsa, wanda gyaran famfo da rufi da wayoyin wuta ke wuyansa, kuɗin ajiya da sharuɗɗan mayar da shi, da tsawon wa'adin da za a ba ɗan haya kafin a ƙara masa kuɗi ko a ce ya tashi. Ranar shiga, ɗaliba ta ɗauki hoton kowane bango da tagogi da ƙofa da lambar da ke kan mita, ta tura wa mai gida ta waya, domin ranar fita waɗannan hotunan ne za su raba gardama a kan ɓarnar da ta tarar da wadda ta yi.

Inda na fi so Alhaji ya buɗe ido shi ne zaman haɗaka na mutum uku. Idan sunayensu duka suna kan yarjejeniya ɗaya, a mafi yawan lokuta kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin dukkan hayar, ba kasonta kaɗai ba, wato idan ɗaya ta bar karatu ko suka yi faɗa ta tashi, mai gida yana da damar neman cikon daga sauran biyun. Idan kuma sunan mutum ɗaya ne kawai a takarda, sauran ba su da wata hujja a hannu ranar da aka ɓata. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma waɗannan yara ne da ba su taɓa zama tare ba. Mafi aminci shi ne kowace ɗaliba ta samu takardarta da rasit ɗinta a kan kasonta.

Abu na ƙarshe shi ne abin da zai faru idan aka rufe makaranta ba zato, saboda yajin aiki ko annoba. A shekarar 2020, lokacin korona, ɗalibai a ƙasashe da yawa sun ci gaba da biyan ɗakunan da ba sa kwana a ciki, har a Jami'ar Manchester ta Ingila ɗalibai suka ƙi biyan haya suka yi zanga-zanga, daga baya aka rage musu kashi 30 cikin ɗari na kuɗin zangon farko. Mai gida mai zaman kansa ba dole ba ne ya rage komai idan ba a rubuta ba, don haka a tambaya tun kafin a sa hannu.

Mahaifin Ɗaliba:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar nauyin haya a zaman haɗaka ban taɓa tunaninta ba, kuma ta sa na ja baya daga ɗakin cikin gari. Amma har yanzu babu wanda ya yi magana sosai a kan masauki mai zaman kansa. Shin tsadarsa tana da hujja?

Ɗaliba Mai Karatu A Turai:

Baba, ina karatu a Jamus, kuma ina da ƙawaye a Faransa da Ingila, don haka zan amsa da abin da na gani. Masaukan kamfanoni suna sayar da abubuwa uku ne: kusanci, tsaro, da kwanciyar hankalin biyan kuɗi ɗaya wanda ya ƙunshi komai. Waɗannan suna da daraja, musamman ga mace a shekarar farko. Amma suna kuma cusa abubuwan ƙawa a cikin farashin, kamar ɗakin motsa jiki da ɗakin kallo, waɗanda ɗalibi zai biya ko bai taɓa leƙa su ba, kuma yarjejeniyarsu takan fi ta makaranta tsawo da wuyar warwarewa. Ka tambaye su kai tsaye: idan 'yarka ta samu gado a makaranta bayan ta biya, nawa za su mayar, kuma zuwa wace rana? Wasu suna yarda a fita idan aka kawo wanda zai maye gurbin. Idan suna da irin wannan sharaɗi a rubuce, matsalar jiran da ka fara da ita ta warware.

Ina kuma so 'yan'uwa su san cewa ƙarancin ɗaki ba matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A Jamus, ɗakunan da hukumomin jin daɗin ɗalibai ke gudanarwa ba su ɗaukar fiye da kusan ɗalibi ɗaya cikin goma, ana kuma yin watanni a layin jira, shi ya sa da yawa suke haɗuwa su kama gida kowa da ɗakinsa, madafa da banɗaki na kowa. A shekarar 2022 Jami'ar Amsterdam da ke ƙasar Holland ta fito fili ta shawarci ɗaliban ƙasashen waje da kada su zo idan ba su samu ɗaki ba kafin tsakiyar Agusta. Bambancin yana cikin dokokin haya. A Jamus kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, ana iya biyansa kashi uku, kuma tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa, wanda galibi mai gida ne. A Ingila dokar 2019 ta hana yawancin kuɗaɗen da dillalai ke karɓa daga 'yan haya, ta kuma ƙayyade kuɗin ajiya a kan hayar mako biyar, sannan tun 2007 dole mai gida ya sanya kuɗin a ƙarƙashin tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi, ba ya yi yadda ya ga dama da shi ba. A Faransa akwai yarjejeniyar wata tara da aka tanadar wa ɗalibai a ɗaki mai kaya, domin kada su biya watannin hutu, kuma doka ta sa mafi ƙarancin faɗin ɗakin haya ya zama murabba'in mita tara. Duk da haka haya tana da tsada, amma ɗalibi ya san iyakar abin da za a iya yi masa.

Malamar Jami'a:

Ɗana ɗan ajin ƙarshe, ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba, kuma yana ƙona mini rai, domin ɗalibin da ya kwana a ƙasa tsakanin gadaje shi ne zai zauna a gabana da safe. Amma cunkoson da ka bayyana hujja ce a kan jami'a, ba hujja ba ce a kan zaman cikin makaranta. Na yarda da Alhaji mai gida cewa makarantar da ta ɗauki ɗalibi ta karɓi kuɗinsa, ba ta da ikon cewa inda zai kwana ba ruwanta. Magabata sun fahimci haka. A Azhar ta Alƙahira, tun ƙarnonin baya, ɗalibai suna zaune ne a ɓangarori na masallacin da aka ware wa mutanen kowane yanki, har da na mutanen Barno, kuma dukiyar waƙafi ce ke ɗaukar nauyinsu. A birnin Berkeley na Amurka, ɗalibai ne da kansu suka kafa ƙungiyar gidajen haɗin gwiwa a 1933, lokacin matsin tattalin arziki, inda kowa ke ba da wasu awoyi a mako na girki da shara da gyara domin haya ta sauko, kuma tana nan har yau. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana, da tsofaffin ɗalibai da suka samu wadata, gina ɗakin kwana yana cikin mafi amfanin abin da za su yi. Ko jami'ar da ba ta da kuɗin gini, tana iya duba gidajen kewaye ta fitar da jerin waɗanda ta amince da su, ta yadda mai gidan da ya zalunci ɗalibi za a cire sunansa.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina so na ƙara ɓangaren lafiya, domin araha ba ta ado idan ɗakin zai sa yarinya jinya. Duk wanda aka zaɓa, a duba ko akwai taga da iska ke ratsawa, a duba bango ko yana da danshi da baƙin tabo, domin hakan yana tayar da asma da tari. A duba wayoyin wuta, a kuma tabbatar akwai hanyar fita ta biyu idan gobara ta tashi, musamman a benen da aka yi wa tagogi ƙarafa. A ja wa ɗaliba kunne cewa ba a kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki ko a baranda rufaffiya, saboda iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Sannan cunkoso yana saurin yaɗa sanƙarau, shi ya sa hukumomin lafiya a Amurka da Ingila suke shawartar sababbin ɗalibai masu shiga ɗakunan kwana su yi allurar rigakafinsa. Kuma a je unguwar da dare, ba da rana kaɗai ba, a ga ko hanyar tana da haske, a kuma tambayi ɗalibai matan da ke zaune a wurin ba a gaban mai gida ba.

Mai Gidan Haya:

Barista, ina da tambaya a kan takarda ga kowace ɗaliba. Idan na yi haka, ɗaya ta tashi a tsakiyar shekara, asarar ta dawo kaina ni kaɗai. Ina adalcin yake a nan?

Lauya:

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai mafita da ba ta cutar da kowa. A rubuta cewa wadda za ta tashi tana ɗauke da kasonta har sai an samu wadda za ta maye gurbinta, kuma mahaifinta ko waliyyinta ya sa hannu a matsayin mai tsaya mata a kan kasonta kaɗai, ba a kan ɗakin gaba ɗaya ba. A kuma rubuta cewa sabuwar mai shigowa sai da amincewarka da ta sauran biyun, domin su ne za su kwana da ita, kuma ba za ka ƙi amincewa ba sai da dalili. Da zarar ta shiga, ka mayar wa mai fita ragowar kuɗinta na watannin da suka rage cikin wa'adin da aka ambata, bayan an cire abin da hotunan ranar shiga suka nuna ta ɓata. Idan kana so, zan rubuta samfurin waɗannan sharuɗɗan cikin Hausa na saka a nan, kowa ya kai wa lauyan da ya san dokar wurin da gidan yake ya duba masa kafin a yi amfani da shi.